Takarda Mai Dawaki Biyu

Asabar, 26 ga Afrilu 1980, bayan la'asar

Littafin nan don waƙoƙin zumuntar mata na saye shi. Yau zan rubuta wani abu dabam, don in ban rubuta ba zan faɗa wa wani, kuma duk kotu an san bakina, ni Esta mai tafireta, ba shi da linzami.

Tun asuba ake jin ƙara daga wajen dam. Motoci sun yi ta wucewa, cike da masu hular ƙarfe. Ba wanda ya fita shara.

Ɗanlami ya tafi Bakura sayen irin shinkafa. Haka Baba Gajere, mai gidan da nake haya, ya ce mu ce wa duk wanda ya tambayi ɗansa. Na rubuta don bakina ya saba.

Wanda ya tafi Bakuran ya shigo ta bayan gida da azahar, a kan jakin Maiwada wanzami, an lulluɓe shi da buhu. Sati uku ke nan yana cikin manoman da suka tare hanyar kamfanin da ke gina dam. Gonarsu ta Maradun ruwan dam ya ci, wadda aka ce za a ba su kuma damina biyu ba a bar su sun shuka ba. Cinyarsa ta dama ce aka harba. Maiwada ya ce abin ya shiga ya fita, bai taɓa ƙashi ba.

Baba Gajere ya leƙo ɗakina, ya ce, "Ke Badakkara, baiwar gidanga, tashi ki ɗora muna ruwan zahi."

Shekara huɗu yana kirana baiwarsa, ni kuma ina ce masa Zamfarawa ba su iya komai ba sai mu 'yan Zuru mun nuna musu. Yau ban rama ba. Na ɗora ruwan.

Lahadi, 27 ga Afrilu, da rana

Coci rabi. Fasto ya yi addu'a don ƙasa, bai ce wace ƙasa ba. Solomon, ɗan sandan da ke ja mana waƙa da babbar murya, bai zo ba.

An ce duk wanda aka kai asibiti da irin wannan rauni, daga kan gado ake ɗauke shi. An ce. Komai yanzu an ce ne.

Taiba, matar Ɗanlami, ba ta ci komai ba tun jiya. Tana zaune gefen mijinta tana kore masa ƙuda da mafici.

Litinin, 28 ga Afrilu, bayan magariba

Yau na yi abin kirki, bari in rubuta shi.

Na dawo aiki na tarar Baba Gajere da Maiwada sun gama shawara. Gobe kasuwa, za su ɗora Ɗanlami a kan jaki cikin masu komawa ƙauye da yamma, su kai shi Faru wajen gwaggonsa. Na ce ashe Zamfarawa har yanzu ba su yi hankali ba. Kowace hanya an kafa shinge, ana sauke mutane ana duba jikinsu. Mutum mai rami a cinya zai wuce?

Na ce musu gida ya fi hanya. A hanya kowa na iya tsayar da kai, gida kuwa doka ta tsare shi. Ɗan sanda ba shi da ikon shiga gidan mutum ya yi bincike sai da waranti, takardar izini daga kotu. Ni nake buga su da hannuna, shekara huɗu. Sai an rubuta sunan mai gida da abin da ake nema, sai an kira dattawa biyu na unguwa su tsaya shaida, sai an ba matan kulle lokaci su kauce. Kuma tun ranar Asabar ba a kawo mini ko ɗaya in buga ba.

Baba Gajere ya dube ni. Ya ce, "Mu dai tun ba a haihi Bature ba muna da tamu doka. Sallama ukku. In ba a amsa maka ba, ka koma inda ka hito."

Na yi dariya, na ce Baba, wannan ai ladabi ne, ba doka ba. Doka ita ce mai hatimi.

Taiba ta ce, "To Yaya Esta, in sunka zo kina wurin aiki, ƙaƙa za ni gane takardar? Ni ban yi boko ba."

Na ciro sulai daga bakin zanena, na nuna mata bayansa. Na ce kin ga dawakin nan biyu? Za ki gan su a saman takarda. A ƙasa kuma hatimi shuɗi. In ba ki ga wannan ba, kada ki zare sakata. Ki ja su da magana, ki ɗaga murya unguwa ta ji, kafin nan Maiwada ya tsallakar da shi ta katanga. In kuwa kin gani, to ki buɗe, kada ki ji tsoro. Wanda aka kama da takarda ba ya ɓata. Sunansa na cikin littafi, dole a kawo shi kotu, kuma gabana zai wuce.

Ta riƙe sulan tana juya shi, tana cewa, "Dawaki biyu bisa, hatimi ƙasa," kamar mai hadda.

An fasa tafiya Faru.

Talata, 29 ga Afrilu, da yamma

Kasuwa ba ta cika ba. Masu komawa Faru da Janbako sun wuce ta ƙofar gidanmu da jakunansu, na tsaya ina kallo har suka ƙare. Maganata aka bi.

Laraba, 30 ga Afrilu, bayan la'asar

Zazzaɓin Ɗanlami ya sauka. Ya sha kunu rabin kwano. Da ya ji muryata a tsakar gida, ya ce daga ciki, "Akawu, kin ga hadari gabas?"

Na ce babu ko ɗigo.

Ya ce, "Shina tahe. Ƙahwata ta hwaɗa mani." Sai ya yi dariya, dariyar ta ja masa ciwo, Taiba ta yi masa faɗa.

Yana da irin gero a tukunya ƙarƙashin gado, wanda ya ɗebo daga tsohuwar gonar kafin ruwa ya rufe ta. Ya ce bana ko a bakin kwalta ne sai ya shuka shi.

Alhamis, 1 ga Mayu, da azahar

Sun zo da hantsi. Ina ofis.

Alhamis ɗin dai, bayan magariba

Baba Gajere ya tafi gaisuwar mutuwa unguwar gabas, Taiba kaɗai ce a gida da Ɗanlami. Abin da ya fi damuna shi ne yadda na same ta. Ba ta kuka. Har ta share tsakar gida.

Ta ce, "Yaya, duk abin da kinka ce, shi niy yi. Sunka buga, nic ce ku nuna takarda. Sunka yi shiru, nij ji suna magana can waje. Sannan anka turo ta ƙarƙashin ƙohwa. Nid duba da kyau, ban yi gaggawa ba. Ga dawaki, ga hatimi."

Ta zare sakata da hannunta. Ta shiga madafa ta juya baya, don na ce mata mata suna kaucewa. Maiwada yana bayan katanga a shirye, yana jiran ya ji ta ɗaga murya, bai ji ba. Sun ce makamai suke nema. Sun zazzage ɗakuna, sun fasa tukunyar gero, sun fito da shi a tabarma.

Ta ce da za a fita da shi ya ce mata, "Kada ki damu, gaban Akawu za a kai ni."

Ta kwance kallabinta, ta fito da takardar a ninke, ta miƙo mini da hannu biyu. Ta ce in duba mata ranar da za a kawo shi kotu.

Na karanta. Na sake karantawa.

Na ce mata Litinin.

Juma'a, 2 ga Mayu, da safe kafin aiki

Sanarwar allurar shanu ce. Ta bara. Ana kiran makiyayan Janbako su kawo dabbobinsu ran goma ga wata. Ga dawaki biyu a sama, ga hatimi shuɗi a ƙasa, har da maiƙon ƙosai a gefe ɗaya.

Kowace takardar gwamnati tana da dawaki biyu. Takardar haraji, takardar asibiti, takardar makaranta. Na fi kowa sani, kullum suna gabana. Ban tuna ba. Ina jin daɗin ana sauraron bakina, ban tuna ba.

Juma'a, bayan an tashi aiki

Na nuna wa Malam Augustine, magatakardan kotu, takardar. Shekararsa ashirin a kotu. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya ce in rufe ƙofa.

Ya ce, "Abin da kika faɗa musu gaskiya ne, amma rabi. Bincike sai da waranti, haka ne. Amma in sun ce mutum suke bi wanda suke da ikon kamawa, kuma sun yi imani yana ciki, doka ta bar su su nemi a buɗe, in an ƙi su fasa."

Na ce ai ba haka suka ce ba, makamai suka ce. Kuma ba shaidu.

Ya ce, "To sun karya doka. Sai me? Esta, takarda tana tsare ƙofa ne ranar da mai bugawa yake jin kunyarta."

Na ce da ba su ji kunyarta ba, da ba su nemo ta shanu ba.

Ya ninke ta ya ba ni, ya ce kada in bar ta a ofis.

Daga nan na wuce caji ofis. Wanda ke kan tebur ya buɗe littafi, ya bi da yatsa tun daga sama har ƙasa, ya ce ba su da mai wannan suna, kuma ba wanda aka aika unguwarmu jiya. Na ce unguwa duka ta gani. Ya ce, "Madam, unguwa ce ke rubuta littafin nan?"

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Tun ina yarinya nake jin wannan magana, ina zaton da wasu ake.

Asabar, 3 ga Mayu

Taiba ta tsince geron daga ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Ya kai rabin kwano.

Lahadi, 4 ga Mayu, da rana

Solomon ya zo coci. Bai hau wurin mawaƙa ba, ya zauna bencin baya, ya fita kafin albarka. Maiwada ya ce mini cikin waɗanda suka zo akwai wani dogo mai tsagen mutanenmu. Dogo mai tsagenmu ɗaya ne a garin nan.

Litinin, 5 ga Mayu, bayan la'asar

Taiba ta tashi tun asuba ta dama fura. Ta wanke rigarsa mai ruwan toka, ta ninke, ta haɗa da hula. Ta ce in ba shi kafin a shiga gaban alƙali, kada ya tsaya da rigar jini a gaban manya.

Na karɓa. Na ɗauka a kai har ofis. Na ajiye ƙarƙashin teburina, na yi ta buga takardu ƙafata na taɓa ƙwaryar. Da azahar furar ta fara tsami, na ba masinja, na ce sadaka ce.

Da na dawo tana bakin zaure daga ciki. Na ce an ɗaga shari'a zuwa Litinin mai zuwa. Ban ko yi in'ina ba. Sau goma nake buga wannan magana a rana, ta zauna a bakina.

Ta ce, "Kin gan shi?"

Na ce daga nesa.

Ta ce, "Ya sha?"

Na ce ya sha.

Allah, ka ga abin da nake yi.

Laraba, 7 ga Mayu, da yamma

Baba Gajere ya je Maradun, ya je Bakura, ya tambayi duk wanda ake tambaya. Gidaje da yawa suna neman nasu. Wasu sun samu a tsare, wasu sun samu labari, wasu ba ko ɗaya.

Da ya dawo na gaishe shi a zaure. Ya ce, "Lahiya lau, Malama."

Malama. Shekara huɗu bai taɓa kirana haka ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na tsaya ina jira ya ce baiwa, ya ce Badakkara mai cin abin da ba a ci, ya ce komai. Ya ci gaba da jan carbinsa.

Ina jin ya sani. Tsoho ne, ya ga fuskata ran Alhamis.

Juma'a, 9 ga Mayu

Ruwan farko ya sauka da la'asar. Ƙafar Ɗanlami ta yi gaskiya.

Asabar, 10 ga Mayu, da safe

Kowa ya fita shuka, mai gona da mai aron gona. Taiba ta ce ba za ta taɓa geron ba, shi zai shuka da hannunsa. Ta tambaye ni ko ana ba da beli kafin ƙasa ta bushe. Na ce ana bayarwa.

Lahadi, 11 ga Mayu, bayan coci

Na tare Solomon bayan coci, wajen bishiyar dalbejiya. Ya so ya kauce, na riƙe masa hannun riga. Na san uwarsa a gida, layinmu ɗaya a kasuwar Zuru.

Na ce Solomon, wa ya tura takardar?

Ya ce, "Anti, ni ne."

Ya ce da matar ta nemi takarda, duk sun tsaya cirko-cirko, don ba wanda ya taɓa tambayarsu haka a kwanakin nan. Mutane sun fara leƙowa daga gidaje. Ya ce har babbansu ya juya kamar za a tafi, sai ya ce a ba ta ko wace iri. Shi ya koma mota, ya ga wadda aka naɗe ƙosai da ita.

Ya ce, "Na ɗauka za ta kai wa wani ya karanta, mu samu dalilin tafiya. Wallahi Anti haka na ɗauka. Sai na ji sakata."

Har babbansu ya juya. Na rubuta wannan don kada in taɓa mantawa. Da ta ce ba ta yarda ba, da ta yi ihu ɗaya, da ban koya mata dawaki ba.

Na ce yana ina?

Ya kalli ƙasa. Ya ce an haɗa shi da wasu a babbar mota rufaffiya, ran nan da rana tsaka. Tafiya mai nisa. Raunin ya buɗe a hanya. Da aka isa, sauran sun sauko da ƙafafunsu.

Na ce ina aka sa shi?

Ya ce, "Ban sani ba, Anti. Ba a bar mu mun gani ba." Sai ya fashe da kuka, ƙato da shi, ya ce tun ran nan in ya buɗe baki zai yi waƙa ba abin da ke fita.

Ban lallashe shi ba. Ban da wannan ƙarfin, kuma ban fi shi ba.

Litinin, 12 ga Mayu

An sake ɗagawa. Haka na ce.

Laraba, 14 ga Mayu, bayan magariba

Taiba ta sa kwalli yau. Ta ce jikinta na ba ta wannan Litinin za a sake shi, ba ta so ya same ta kamar mayya. Ta roƙe ni in kama mata kitso.

Na kama. Kanta a kan gwiwata, tana ba ni labarin yadda ya fara zuwa zance gidansu da rake guda ɗaya, ya ce na biyun jaki ya cinye a hanya. Tana dariya. Na yi mata shuku, na gama tsaf. Wannan hannu ya iya aiki ko mai shi ta mutu.

Na zauna cikinsu na san al'adarsu. Matar da mijinta ya rasu ba ta kwalli, ba ta kitson ado, wata huɗu da kwana goma. Akwai addu'ar uku, akwai ta bakwai, duk sun wuce ba wanda ya yi masa. Ba sallar gawa. Ni na tsare masa duk wannan a bakina. Na fara hana shi hanyar Faru, yanzu ina hana shi addu'a.

Gobe zan faɗa.

Alhamis, 15 ga Mayu

Ban faɗa ba.

Asabar, 17 ga Mayu

Ban faɗa ba. Rigarsa tana nan a aljihun teburina, ƙarƙashin takardun kabon.

Litinin, 19 ga Mayu, bayan an tashi aiki

Yau aka kawo mini warantin.

An ce manya za su zo daga sama su yi tambayoyi, ana so fayil ya cika. Malam Augustine ya ajiye mini jerin gidaje goma sha ɗaya, da hannun wani aka rubuta. Kowanne a buga masa takardar izinin bincike, kwafi biyu. Kwanan wata, talatin ga Afrilu. Na bakwai, gidan Gajere, da sunan ɗansa a ƙasa.

Talatin ga Afrilu yana shan kunu yana tambayata hadari.

Na ce ba zan buga ba. Na ce da ƙarfi, har masinja ya leƙo. Malam Augustine ya kore shi, ya zauna a bakin teburina, abin da bai taɓa yi ba.

Ya ce, "In kin ƙi, wani zai buga kafin la'asar, ke kuma ki tattara kayanki. Wannan ba komai ba ne, kina da gida a Zuru. Amma ki yi tunani. Kin je caji ofis sun ce ba su taɓa zuwa unguwarku ba. Wannan ita ce takarda ɗaya a duniya da za ta ce sun shiga gidan, kuma sun san sunan yaron."

Na ce kwanan watan ƙarya ne.

Ya ce, "Ƙarya ne. Sunan gaskiya ne."

Na daɗe ina kallon injin. Sannan na buga. Da na zo ta bakwai na sa takarda uku maimakon biyu, na danna haruffan da ƙarfi don su fito har ta ƙasa. Da na kai masa, ya ƙirga da yatsa, ya tsaya a ta ukun, ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. Ya buga mata hatimi kamar sauran, ya tura ta gefen tebur, ya juya yana neman wani abu a kabad.

Tana cikin littafin nan yanzu, tare da ta shanun. In ka ajiye su gefe da gefe, daga taku uku ba za ka bambanta su ba.

Ban sani ba ko na taimaki Baba Gajere ne ko na wanke waɗancan. Wataƙila duka biyun. Na dawo gida na ce wa Taiba kaina ke ciwo, na shige ɗaki.

Talata, 20 ga Mayu, bayan la'asar

Na faɗa.

Na ɗauko rigar da hular daga ofis. Na shiga ɗakinta kamar kullum, na ajiye su a kan tabarma. Ta dubi rigar, a ninke yadda ta ninke ta, ba a ko warware ba. Ban san da wace kalma na fara ba. Na faɗi abin da Solomon ya ce, duka, har maganar motar.

Ta ce innalillahi, a hankali, sau uku. Ba ta yi kururuwa ba. Ta ɗauki gefen zanenta ta fara goge kwallin, ido ɗaya, sannan ɗayan.

Can ta ce, "Waccan takarda, mi anka rubuta cikinta?"

Na ce allurar shanu.

Ta ce, "Shanu."

Na ce eh.

Ta ce, "Tun ran nan kinka sani?"

Na ce tun ran nan.

"Kuma kinka ɗauki hura."

Na dubi rigar a kan tabarma.

"Kinka ce ya sha."

Na durƙusa na ce Taiba ki yafe mini, na ji tsoro ne, ban san yadda zan dubi idonki ba. Ta kai hannu kanta ta fara tsefe kitson da na yi mata. Na miƙa hannu in taya ta, ta kauce kaɗan, ba da faɗa ba. Ta ce, "Kira mani Baba."

Na kira shi. Ya shiga, ya daɗe, ya fito. Ya tsaya tsakar gida ya dubi sama, ya ce a gaya wa liman da Maiwada. Da magariba maza sun cika zaure. An yi masa salla ba gawa.

Laraba, 21 ga Mayu, da safe

Mata suna ta shigowa gaisuwa. Na wanke kwanoni a bayan madafa, ba wanda ya hana ni, ba wanda ya sa ni.

Baba Gajere ya ɗauki rabin kwanon geron nan ya fita da shi shi kaɗai, da sungumi a kafaɗa.

Juma'a, 23 ga Mayu, bayan la'asar

Baƙi sun ragu. Na ce yau zan kai mata takardar, ta gasken, in karanta mata ita tun daga sama har ƙasa, har kwanan watan ƙaryar, ba zan tsallake ko harafi ba. Hakkinta ne. In wata rana an yi tambaya da gaske, ita ce za ta nuna.

Na je ƙofar ɗakinta. An saki asabari. Shekara huɗu ina ɗaga asabarin nan ba ko gyaran murya, in shiga in buɗe tukunyarta in ce miyar Zamfarawa ba gishiri. Yau na ga ƙafata ta tsaya da kanta.

Na yi sallama.

Tana ciki. Ina jin ƙarar carbi, ina ganin gefen tabarmarta ta ƙasa. Carbin ya tsaya, sannan ya ci gaba.

Na sake yi, na ce ni ce, Esta.

Baba Gajere yana zaune a inuwar rumbu yana gyara igiya. Bai ɗago ba, amma hannunsa ya daina motsi.

Asabari ne kawai tsakanina da ita, tsinke da zare, da yatsa ɗaya zan ɗaga shi. Ga takarda a hannuna, da dawakinta biyu, da hatiminta, da sunan mai gidan.

Na yi ta uku. Na jira har kazar da ke tsakar gida ta gama shan ruwa ta tafi.

Ba a amsa ba. Na koma inda na fito.